Sarkin Sifaniya da ya gaji Janar Franco

Tambaya: Malam, ana cewa Sarki Juan Carlos ne ya dawo da dimokuraɗiyya a Sifaniya, alhali mai mulkin kama-karya Janar Franco ne ya naɗa shi magaji. Ya aka yi haka? Kuma me ya sa ya yi murabus?

Amsa: Ƙwarai, Franco ne ya zaɓe shi a 1969, ya tsallake Don Juan, mahaifin Juan Carlos ɗin, don yana ganin yaron da ya taso a hannunsa ba zai bijire masa ba. Franco ya mutu ranar 20 ga Nuwamba 1975, bayan kwana biyu Juan Carlos ya hau karaga da kusan duk ikon da janar ɗin ya bari.

Bai tunkari tsarin da ƙarfi ba, ta cikin gida ya ɓullo masa. A Yulin 1976 ya sa Firayim Minista Arias Navarro ya sauka, ya ɗauko Adolfo Suárez, wanda shi ma a tsarin Franco ya taso, shi ya sa 'yan mazan jiya ba su ankara da wuri ba. Suárez ya lallaɓa majalisar Franco har ta amince da dokar da za ta binne ta. Aka halatta jam'iyyar Kwaminis, aka yi zaɓe a Yunin 1977, na farko tun 1936, sannan tsarin mulkin 1978 ya mayar da sarki uban ƙasa kawai.

Babbar jarrabawarsa ta zo ranar 23 ga Fabrairu 1981, da Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa majalisa da jandarmomi kusan 200, ya yi garkuwa da 'yan majalisa, tankokin yaƙi kuma suka fito titunan birnin Valencia. Sarki ya yi ta buga wa kwamandoji waya, da tsakar dare ya bayyana a talabijin cikin kakin soja, ya yi tir da yunƙurin. Washegari Tejero ya miƙa wuya. A ganina daren nan ne ya ba shi halaccin da naɗin Franco bai ba shi ba.

Murabus kuwa, shi ya jawo wa kansa. A 2012, talakawa na fama da rashin aikin yi, sai aka ji ya karye a ƙugu wurin farautar giwa a Botswana. Ya nemi afuwa, amma ga surukinsa Iñaki Urdangarin cikin shari'ar almundahana. A Yunin 2014 ya sauka wa ɗansa Felipe na Shida, a Agustan 2020 kuma ya koma Abu Dhabi da zama ana tsaka da binciken dukiyarsa. An rufe binciken a 2022 ba tare da an gurfanar da shi ba.