R² ɗina 0.41 ne, modal ɗin ya lalace ke nan?

Tambaya: Salam malam, ina rubuta furojek kan yadda taki da ruwan sama ke shafar amfanin masara, gonaki 60 na auna, na yi rigireshin (wato modal na lissafi mai jan layin da ke hasashen amfani daga taki da ruwa) a manhajar lissafi ta SPSS sai R² ya fito 0.41. Abokina ya ce in bai kai 0.8 ba aikin banza ne, wai in yi ta ƙara abubuwa har ya hau. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kar ka bi shawarar abokin nan. 0.41 na nufin taki da ruwa sun bayyana kashi 41 cikin 100 na bambancin amfanin da ke tsakanin gonakin, sauran kuma na ƙasa ne da iri da ƙwari da lokacin shuka, kuma a harkar gona ai wannan ba abin kunya ba ne.

Matsalar R² ita ce ba ya taɓa sauka in ka ƙara abu a modal, ko lambar takalmin manomi ka jefa zai ɗan motsa sama. Kai, in gonaki 10 gare ka ka zuba abubuwa 9, R² zai buga 1 cif alhali ba ka gano komai ba. Shi ya sa ake duba gyararren R², wanda ke kusa da shi a teburin SPSS, shi yana cin ka tara kan duk abin da ka ƙara ba dalili.

Amma ni abin da na fi damuwa da shi zane ne. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya haɗa rukunin bayanai huɗu, kowanne ɗigo 11, layinsu ɗaya, R² ɗinsu duk wajen 0.67, amma da aka zana sai ga ɗaya lanƙwasasshe ne, wani kuma ɗigo guda tak ne ya ja layin gaba ɗaya. To kai ma ka zana ragowar, wato tazarar da ke tsakanin buhunan da modal ya hasaso da wanda aka girbe da gaske. In sun warwatse kamar an watsa gero a tsakar gida, madalla. In sun yi baka, layin miƙe bai dace ba, kuma da taki hakan na faruwa sosai don yana kaiwa inda ƙari ba ya ƙara komai, sai ka gwada ƙara taki sau kansa (taki²) a modal ɗin. In kuma sun buɗe kamar mazurari, gwada log (wato logarithm, lissafin da ke matse manyan lambobi) na amfanin ka sake zanawa.