Harshenki ne ya canza, Hajiya, ba yaran aikinki ba

Tambaya: Shekara goma sha ɗaya ina yin kayan gara a Kano, alkaki, dubulan, nakiya da cincin, ga zobo da kunun aya na biki. Wata bakwai da suka wuce aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Masar. Tun da na dawo ake ta ƙorafi, wai alkakina ya zama lami, zobona tsami, ni kuwa in na ɗanɗana har zaƙin ya yi mini yawa. Manyan oda uku sun kuɓuce mini. Ina zargin babbar yarinyar aikina da haɗa baki da wata mai irin sana'ata, har ina shirin sallamar ta. Sannan ina so in sayar da filina in buɗe shagon abincin masu rage ƙiba, an ce akwai kuɗi a ciki. Me za ka ce?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki sallami yarinyar nan, kada kuma ki taɓa filin nan.

Abin da ya same ki sananne ne a wajen likitoci. A irin tiyatar da aka fi yi, ana yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a ɗaya kuma a karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashe na hanji. Kowacce aka yi, sinadaran da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa da ƙoshi da su sukan canza, ɗanɗano ma ya bi su. A wani bincike da aka wallafa a 2014 kan mutum 103 da aka yi wa irin ta biyun a Lesta ta Ingila, kashi 73 cikin 100 sun ce ɗanɗanonsu ya canza, kashi 42 suka ce har da jin ƙamshi. Zaƙi da maiƙo da nama su ne mutane suka fi cewa sun fita ransu. Wasu abin yakan lafa bayan watanni, wasu ya zauna. Ƙarancin sinadarin zink ko bitamin B12 ma yana taɓa harshe, don haka ki gaya wa likitanki ya duba jininki. Nan iyakata a maganar asibiti, sauran ta kasuwa ce.

Kuskurenki guda ɗaya ne, kuma ya girmi tiyatar da shekara goma. Sana'ar da ke ciyar da gidanki ba ta da ma'auni sai harshenki. Kin saba ki tsaya kan tukunyar ruwan sukari, ki tsoma cokali, ki lasa, ki ce "ƙara gwangwani ɗaya" ko "ya isa haka". Yanzu harshen yana cewa ya isa tun ba a je ko'ina ba, yaran kuma ba su da bakin musa wa Hajiya. Wace yarinyar aiki ce za ta dubi uwar ɗakinta ta ce mata bakinta ne ba daidai ba? Sai su tsame alkakin, su jera a bokiti, a kai gidan amarya, dangin ango su gutsura su kalli juna.

Ga tambayar da za ta raba gardama. Buhun sukari kwana nawa yake yi miki bara, kwana nawa yake yi yanzu a kan aiki iri ɗaya? Idan sata ake yi, zai riƙa ƙarewa da wuri. Idan ke ce kike rage hannu, zai riƙa daɗewa. Na tabbata ba za ki iya amsa mini da lamba ba, domin ba a rubuce yake ba. A kan wannan duhun kike shirin raba baiwar Allah da abincinta.

Lokacin korona na ga irin wannan a wajen wata mai haɗa turaren wuta da humra. Cutar ta ɗauke mata jin ƙamshi na wasu watanni, ita kuwa duk haɗinta a hanci yake, ko 'yarta ba ta san adadin abin da take zubawa ba. Ta ci gaba da haɗawa a kan kintace don kada a ce ta gaza. Kafin hancin ya dawo, masu saro mata kaya daga wasu garuruwa sun koma wani wajen, kuma ba su yi mata sallama ba. Mai saye ba ya zuwa ya yi miki bayani, waya kawai yake daina kira. Waɗanda suka yi miki ƙorafi masoyanki ne.

Yarinyar da kike zargi ita ce kaɗai ma'ajiyar tsohon ɗanɗanonki. Ki zaunar da ita, ki gaya mata gaskiyar abin da ke faruwa. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, kuɗinsa bai kama ƙafar buhun sukari ɗaya ba. Ki ware kwana biyu ba oda, a yi kowane abu kala uku, zaƙi kaɗan, matsakaici, da mai yawa, ana auna komai kafin a zuba: alkama, sukari, ruwa, mai, tsamiya, har mintin da alkaki ke yi a cikin ruwan sukarin. Da giram za a rubuta, ba da mudu ba, don mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma hannun mai awo ma yana da nasa ra'ayin. Ki kira tsofaffin masu sayenki huɗu ko biyar, irin waɗanda ba sa ɓoye magana, su ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Wanda suka ce "wannan ne na Hajiya", shi za a rubuta a littafi, a manna kwafinsa a bangon kicin. Ke kuma daga ranar ki ajiye cokalin. Ko don lafiyarki ma, lasar ruwan sukari sau ashirin a yini ba abin da likitanki zai so ba ne.

Maganar shagon masu rage ƙiba kuwa, wa ya ce miki akwai kuɗi a ciki, kuma shi nawa ya zuba? Don abinci ya fita ranki ba ya nufin ya fita ran Kanawa. Mu ƙaddara filin ya ba ki miliyan 6, haya da gyara da firji da janareto suka cinye 4. Idan kuɗin gudanar da shagon dubu 300 ne a wata, ribar kwano kuma naira 500, sai kin sayar da kwano 600 a wata, wato 20 kullum har Juma'a, kafin ki ga sisi naki. Kuma masu sayen da kike hange mutane ne da cokali biyar ke ƙosar da su. In kina son gwadawa, ki dafa kwano goma a kicin ɗinki, ki tallata a WhatsApp, ki ga mutum nawa za su dawo a sati na uku da kuɗinsu.

Matan nan uku da odarsu ta kuɓuce, bayan an gama awon ki aika wa kowacce ƙaramin bokiti kyauta, ki kira ta da bakinki ki ce an yi miki aiki, hannu ya ɗan kauce, an gyara. Ki yi haka kafin lokacin bukukuwa ya kankama, don uwar amarya tun da wata biyu take neman mai yi mata gara.