Kafin ka sake taɓa rautar nan, duba lambar WAN

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce kyamarar tsaronka na nunawa tas a waya muddin kana kan waifai ɗin gida, da ka fita ka kunna data sai baƙin allo, da'ira tana ta juyi. Ka buɗe ƙofa (port) ta 80 da ta 554 a rauta, ka yi rajista da No-IP, masu ba ka suna tsayayye da ke bin adireshin intanet ɗin gidanka, duk shiru. Sati uku na yi a wannan hali.

Shiga rautar ta 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ka duba adireshin da ke gaban WAN, wato ɓangaren rautar da ke fuskantar intanet, sannan ka gwada shi da wanda shafukan duba IP (adireshinka na intanet) suke nuna maka. In ba ɗaya ba ne, ko kuma na WAN ɗin ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to da alama kamfanin intanet ɗinka ya sa ka a bayan abin da ake kira CGNAT. Ku da yawa ne kuke raba adireshi guda. Ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma ta waje a kulle take, mabuɗin kuma ba ya hannunka. Ko shekara za ka yi kana buɗe ƙofofi, babu mai shigowa.

Wannan 'yar maganar ce wanda ya haɗa min kyamarorin ya kasa faɗa min. Sau huɗu yana zuwa. Da farko ya ce rautata ce ta tsufa, na sayi sabuwa. Ya dawo ya ce wayata ce. Ni kuwa don mahaifiyata na sa su, ba ta da lafiya, aiki kuma yana yawan fitar da ni. Wani dare ina nesa, wajen ƙarfe biyu, na kira gida ba a ɗauka ba. Na kira har sau bakwai. Na buɗe manhajar kyamarar, hannuna na rawa, sai da'irar nan. Na kira mai haɗa kyamarorin, ya ɗauka ya ce “gobe”, ya kashe. Har asuba ina zaune a bakin gado ina kallon allo. Ashe barci suke yi, alhamdulillahi, amma har yau in na tuna daren nan sai raina ya ɓaci. Daga baya na gano ma da asusunsa ya yi wa na'urar rajista, wato yana iya leƙa gidana duk sa'ad da ya ga dama, kalmar sirri kuma wadda ta zo da ita ce. Allah ya isa kawai.

Don Allah ka canja kalmar sirrinka yau ɗin nan, ka kashe UPnP, tsarin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a rauta. Irin wannan sakacin ne ya ba muguwar manhajar kutse ta Mirai damar kama ɗimbin kyamarori a 2016.

Ni dai yadda na fita: na ajiye wata tsohuwar kwamfuta a kunne a gida, na sa mata Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya, na sa a wayata. Ko ƙofa ɗaya ban buɗe ba. In kana ganin wahala ce, yi amfani da P2P na kyamarar, wato hanyar da ke haɗa ta da wayarka ba sai ka buɗe ƙofa ba, ka ɗauki lambar QR ɗin da ke jikinta, amma da asusunka, ba na wani ba. Ko ka nemi kamfanin ya ba ka adireshinka kai kaɗai, wasu suna bayarwa.

In kuwa adireshin biyu sun zo ɗaya, duba ko kyamarar na canja lambarta a cikin gida duk lokacin da wuta ta ɗauke, sai ka kafe mata guda a wajen DHCP, sashen rautar da ke raba wa na'urori lamba. Rauta biyu a jere ma na hana ganin kyamara daga waje, kuma hakan ma na iya sa adireshin biyu su bambanta. Af, No-IP na kyauta sai ka riƙa tabbatar da shi duk kwana 30.

Turo mana kashi biyu na farkon lambar WAN ɗin, ban da sauran, mu gani.