Ina son kai maiɗakina Suwizalan, amma ejan ya ce sai ya "gyara" min takardu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, harkar shadda da atamfa nake yi. Na daɗe da yi wa maiɗakina alƙawarin zan kai ta Suwizalan ta ga duwatsun nan masu ƙanƙara da tafkuna, muna so mu je a watan Yuli mu yi kamar kwana takwas. Na je Saudiyya da Dubai da Chana amma ban taɓa shiga Turai ba. Wani ejan ya ce min Suwizalan ba sa ba ɗan Najeriya biza, gara ya nemo min ta wata ƙasa mai sauƙi, zai zuba min kuɗi a akawun na kwana biyu a fitar da sitatimen, ya kuma yi min bukin ɗin otal na bogi. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Sannan ita tana sa niƙabi. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Rashin kwanciyar hankalin nan naka shi ne daidai, don Allah kar ka ba mutumin nan fasfonka, in ma ka ba shi ka karɓo yau ɗin nan.

Maganar cewa Suwizalan ba sa ba ɗan Najeriya biza ƙarya ce. Suna da ofishin jakadanci a Abuja kuma mutane suna samu. Eh, ana hana 'yan Najeriya bizar Shengen (bizar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Turai, har da Suwizalan) da yawa, layin samun ranar kai takardu ma kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum rai, ga Yuro 90 kowane mutum ɗaya wanda ko an hana ka ba a mayar maka, ni ma abin yana min ciwo. Amma wannan wahalar ita ce ejan-ejan ɗin nan suke cin abinci da ita, kuma kusan kullum sai wani ya zo min da takardar hani a hannu yana cewa "ai ejan ne ya cike min". Toh, sa hannun waye a ƙasan fom ɗin? Naka ne. Yatsun waye aka ɗauka? Naka. Shi ejan babu sunansa a ko'ina, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa ya nemi wani.

Mu ɗauki kuɗin da ya ce zai zuba. Mai duba takardunka sitatimen na watanni yake karantawa, abin da yake nema shi ne ya ga kuɗi suna shiga suna fita irin na mai sana'a. Akawun da ya saba ganin dubu ɗari uku, ɗari biyar, kwatsam miliyan ashirin ta faɗo ana saura kwana uku a kai takardu, ko ɗan koyo a banki zai gane, balle wanda aikinsa kenan daga safe har yamma. Abin takaicin shi ne irinku 'yan kasuwa kuna da kuɗin na gaske, kawai dai a cikin kaya suke ko a hannun kwastomomi, sai a ruɗe ku ku ɓata halal ɗinku da ƙarya. Ka fara bi da cinikinka ta banki tun yanzu, ka haɗa takardar rijistar CAC, shaidar biyan haraji, takardar aure, da tsofaffin fasfo masu tambarin Chana da Dubai, domin su ne shaidar cewa kana fita kana dawowa. Lissafin da hukumomin Suwizalan suke yi shi ne kamar faran (kuɗin Suwizalan) 100 a rana ga kowane baƙo, ku biyu kwana takwas faran 1,600 kenan, amma a zahiri za ka kashe fiye da haka nesa ba kusa ba, ƙasar tana da tsada sosai.

Sai batun "ƙasa mai sauƙi", wanda shi ne ya fi ba ni haushi saboda har masu ilimi suna faɗawa. Gaskiya ne biza ɗaya tana shigar da kai ƙasashen Shengen 29, kuma Suwizalan tana ciki tun Disambar 2008 duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Amma ƙa'idar a rubuce take: ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema wa biza. In ka ce wa wata ƙasa wajenta za ka, ka kawo bukin ɗin da aka soke washegari, sannan ka sauka a Zurik, ɗan sandan kan iyaka yana da ikon tambayarka ina za ka kwana, ina tikitin komawa, ya ɗaga waya ya kira otal ɗin a gabanka. In aka ce ba a san da kai ba ana iya soke bizar nan take a mayar da kai a jirgi na gaba, kai da matarka, bayan ka gama kashe kuɗin tikiti. Kuma abin ba ya tsayawa nan, domin bayanan neman bizarka da yatsunka suna zama a rumbun bayanai guda ɗaya da duk ƙasashen suke gani har shekara biyar, in an rubuta cewa ka kawo takardar jabu ko bayaninka ba abin yarda ba ne, Faransa za ta gani, Jamus za ta gani, Italiya za ta gani. Gobe ka tashi neman ta Ingila ko Kanada fom ɗinsu zai tambaye ka ko an taɓa hana ka biza a wata ƙasa, ka ce eh ka shiga dogon bayani, ka ce a'a ka ƙara ƙarya kan ƙarya. Duk a kan me? A kan wanda bai taɓa taka ƙofar ofishin jakadanci ba yana ce maka yana da "mutum a ciki". Babu wani mutum a ciki, Alhaji. Babu mai iya ba ka garantin biza, duk wanda ya ce zai ba ka cuta ce.

Bukin ɗin otal na gaske wanda ake iya sokewa kyauta in ba a samu biza ba, wannan ba laifi, shi ma nake ba ka shawara ka yi da kanka da sunanka. Inshorar lafiya ta zama wadda za ta iya biyan kuɗin magani har Yuro 30,000, fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarku da shafi biyu babu komai. Ana karɓar takardu tun ana saura wata shida, don haka in Yuli kake so ka fara neman rana tun Fabrairu ko Maris, hukuncin ba da biza ko hanawa yakan ɗauki kwana 15 amma yana iya kaiwa 45.

Niƙabi kuwa sai kun zauna kun yi magana ta tsakani da Allah kafin ka kashe ko kwabo. Tun 1 ga Janairun 2025 dokar hana rufe fuska a bainar jama'a ta fara aiki a duk faɗin ƙasar, bayan ƙuri'ar da suka kaɗa a 2021, tarar tana iya kaiwa faran 1,000 kuma ba a cire 'yan yawon buɗe ido ba. Hijabi da abaya ba matsala, fuska ce kawai. In Hajiya ba za ta iya buɗewa ba, kar ka tilasta mata, ku sauya ƙasa.

In kun daidaita, kwana takwas kar ka ce sai ka zagaye ƙasar. Ku yi uku a Luzern, ku taka tsohuwar gadar katakon nan ta ƙarni na 14, ku hau jirgin ruwa a tafkin zuwa Vitznau sannan jirgin ƙasa ya hau da ku dutsen Rigi, layin da aka buɗe tun 1871. Daga nan Interlaken, wanda yake tsakanin tafkin Thun da na Brienz, Larabawan Gulf suna cika garin da bazara saboda haka abincin halal ba wahala. Ku shiga kwarin Lauterbrunnen ku ga ruwa yana zubowa daga saman dutse kusan mita 300, ni a wajena ya fi wurare da yawa da ake biyan kuɗi mai yawa a gani. Kwana ɗaya ku ba Bern, tsohon garin da gidajen tarihi. Tikitin Swiss Travel Pass na kwana 8 zai ɗauke muku jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa, Rigi da gidajen tarihi sama da 500, amma zuwa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa da ke can saman duwatsu masu ƙanƙara, ragi kawai yake bayarwa, kuma tashar tana mita 3,454 alhali Kano ba ta kai 500 ba, in ɗayanku yana da hawan jini ko ciwon zuciya ko Hajiya tana da juna biyu ku ga likita tukuna. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri ko a Yuli, ku duba yanayi a manhajar MeteoSwiss da safe kafin ku sayi tikitin hawa, ranar hazo ba abin da za ku gani.

Magariba a lokacin tana wuce ƙarfe tara na dare, ku tsara sallolinku. Kantuna kuma yawanci a rufe suke ranar Lahadi sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa, don haka ku yi cefane a manyan kantunan Migros ko Coop tun Asabar.