Muna so mu haɗa kuɗi mu haƙa burtsatse a unguwa: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan Kano. Mun manta rabonmu da ruwan famfo, kullum sai dai mu tare 'yan ga-ruwa, kuma da bazara ta kama sai kuɗin jarka ya tashi. Shekarun baya wani ɗan siyasa ya haƙa mana rijiyar burtsatse, ba ta rufa shekara biyu ba ta tsaya. Yanzu matasa sun kawo shawarar kowane gida ya ba da gudummawa mu haƙa sabuwa mai sola. Gidajenmu za su kai 200. Ta ina za mu fara, don kada mu koma 'yar gidan jiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku karɓi ko kwabo a hannun kowa, ku koma kan tsohuwar. Sau da yawa burtsatsen da ake cewa ta mutu ramin lafiya lau yake: sumo ne, wato injin da ke cikin ramin yana turo ruwa, ya ƙone, ko an sace waya, ko yashi ya toshe ta. Ku kira mai gyara ya zaro sumon, ya auna zurfin ramin da inda ruwa ya tsaya, a wanke ta, a ja ruwan na wasu awanni a ga ƙarfinsa. Idan ramin yana da rai, kun tsira da mafi tsadar aikin. Sannan ku tambayi kanku dalilin da ya sa ba wanda ya yi wannan tun ranar da ta tsaya. Amsar ita ce rijiyar ba ta da mai ita, kuma ba asusun da za a taɓa. Sabuwa ma haka za ta ƙare in ba ku gyara wannan ba, komai kyan solarta.

Sai lissafi, wanda kusan kowace unguwa ke tsallakewa. A ce kowane gida mutum 10 ne, kun zama 2,000. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin mafi ƙaranci, wato sha da girki da ɗan wanke hannu. Kafin a yi wanka da wanki a natse sai an kai wajen lita 50. Ko a kan 20 ɗin, kuna buƙatar lita 40,000 kullum. To rijiyar da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa, lita 3,600 ke nan a awa, kuma sola ba ta ja da ƙarfi sai kamar awa 6 ko 7 na tsakiyar rana. Ka ga ba ta wuce lita 25,200 ba. A ƙasa irin ta Kano kuwa rijiyoyi da yawa ba sa ma kai lita ɗayan. Ku faɗa wa jama'a wannan tun yanzu: rijiya ɗaya za ta ɗauki nauyin sha da girki ne, ba za ta kori rijiyoyin gida da 'yan ga-ruwa ba. Wanda aka yi wa alkawarin wadata ya zo ya tarar da layin jarkoki, shi ne farkon mai daina biyan kuɗi.

Abin da ya sa na ce ƙasa irin ta Kano shi ne birnin a kan dutse yake zaune. Ruwan ƙarƙashinsa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama ne da tsagogin da ke cikin mai taurin, ba shimfiɗe yake ko'ina ba kamar a yashin yankin Maiduguri ko Sakkwato. Shi ya sa maƙwabci zai samu ruwa, kai ka haƙa a bayan katangarsa ka tashi da ƙura. Kada a zaɓi wuri don ƙofar mai unguwa ce ko don nan ne fili ya samu kyauta. A biya masanin ƙasa ya zo da na'urarsa ya auna wurare biyu ko uku, ya ba ku rahoto a rubuce. Shi ma mai haƙa ku yi takarda da shi: zurfin da zai kai, irin bututun da zai sa, tsakuwar da zai zuba, simintin da zai rufe wuyan ramin da shi don kada ruwan kwata ya gangara ciki, da kuma wanda zai ɗauki asara idan ramin ya fito a bushe. Ku riƙe kason ƙarshe na kuɗinsa sai an yi gwajin jan ruwa. Gwajin nan ya fi faɗin gaskiya a ƙarshen rani, wajen Afrilu ko Mayu. Rijiyar da aka gwada a Satumba kowa zai yabe ta. Sakamakon gwajin ne kuma zai nuna girman sumon da za a saya, domin sumon da ya fi ƙarfin rijiya zuƙe ta yake yi ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone.

Ruwa ya fito garau ba shi ne tsafta ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko ramin ruwan bayan gida, abin da ke da wuya a unguwar da gida ke manne da gida. Don haka a kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha, a sake kaiwa a tsakiyar damina. Ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, bai kamata a samu ko ɗaya ba a mililita 100, sinadarin naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda jarirai. Idan kuna kusa da Sharaɗa, Challawa ko Bompai, inda masana'antu suke, musamman na jima, ku ce a duba har da ƙarafa irin su kuromiyam. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin inda abin ya fi tsanani. Tankin da ba murfi da jarkar da ta yi gansakuka suna iya ɓata ruwan da ya fito da tsaftarsa, saboda haka wanke tanki da sa kulorin su shiga cikin kasafi.

Yanzu maganar da za ta tayar da ƙura a taronku: ku sayar da ruwan. Na san wani dattijo zai miƙe ya ce ruwa sadaka ne, kuma niyyarsa mai kyau ce. Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Sola ta raba ku da sayen mai ne kawai. Sumo yana da ranar mutuwarsa, kan famfo yana lalacewa, mai tsaron dare yana da iyali, ga faifan solar da ɓarayi ke so. Ku sa farashin da bai kai na 'yan ga-ruwa ba amma ya isa abu uku: albashin mai kula da famfo, ƙananan gyare-gyare, da ajiyar da za ta sayi sabon sumo ranar da ya tsaya ba tare da an bi gida-gida da kwano ba. A sa mita a bakin tanki, domin ita ce za ta nuna ko kuɗin da aka kawo ya yi daidai da ruwan da ya fita. Masallaci da makarantar allo da gidajen marayu a rubuta su, a ba su kyauta, mai neman lada ya biya musu. Sadakar ta samu wurinta, asusun bai rame ba.

Filin da rijiyar ke kai a yi masa takarda da sunan ƙungiyar unguwa, mai unguwa da dagaci su sa hannu, ko da kyauta aka ba ku shi, saboda ranar rabon gado. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusu a banki wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗi ke fita, kuma mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Duk wata a manna lissafi a jikin katangar tanki. Mata su shiga kwamitin, ko da ta bakin malamar Islamiyya ne ko uwar adashi, domin su suka san jarka nawa gida ke ci, da lokacin da yara za su iya ɗebowa ba su makara makaranta ba. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa ku karɓa ku gode, amma makulli da takardu su zauna a hannunku.

Kada kuma ku yanke ƙauna da famfo. Duk rijiyoyin unguwa ruwa ɗaya suke zuƙa, yawan haƙa na sa shi ƙara nutsewa, kuma birni kamar Kano ba zai rayu a kan burtsatse ba. Matatu irin na Tamburawa da Challawa ne gaskiyar maganinsa. Ku je Hukumar Ruwa ta Jiha a ƙungiyance ku tambayi inda babban bututu mafi kusa ya tsaya. A unguwar Nyalenda ta birnin Kisumu a Kenya, kamfanin ruwa yana kawo ruwa ne zuwa babbar mita guda, ƙungiyoyi ko 'yan kasuwar unguwa su saya a sari, su ja ƙananan bututu su rarraba, su tara kuɗi. Ƙungiyar da ke da rajista da littafin lissafi tana da bakin da za ta nemi irin wannan.

'Yan ga-ruwa kuwa ku kira su taron farko. Ku ba su farashin sari da lokacinsu na ɗiba, da sassafe ko bayan la'asar, bisa sharaɗin wanke jarkoki da tsayawa kan farashin da aka amince. Su ne za su kai ruwan gidan tsofaffi da lungunan da suka yi nisa da tanki, kuma cinikinsu na kullum ne zai fi cika muku asusu.