Tambaya da Amsa: Tsarabar Umara, Dole Ce ko Ɓarnar Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan tafi Umara, guzurina kuma ba shi da yawa. Gidanmu babba ne, ga dangin miji, ga maƙwabta, kowa ya sa ido. Ɗana ya ce tsaraba ɓarnar kuɗi ce, tun da duk abin da zan sayo akwai shi a kasuwa. Ya zan yi? Daga wata mai karatu, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Ɗanki ya yi gaskiya ta wani ɓangare. Yawancin carbi, darduma da jallabiyar da ake jibgowa daga Makka, in kin duba takardar jikinsu, ƙirar Sin ce ko Turkiyya, irin wadda ke Kantin Kwari da babbar kasuwar Katsina. Sayen su da riyal, a kuma biya kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi, asara ce biyu. Amma tsaraba kanta ba ɓarna ba ce. Annabi (SAW) ya yi umarni da a riƙa yi wa juna kyauta don a so juna, kuma tsohuwar da ta tako ta yi miki sannu da zuwa bai kamata ta koma hannu rabbana ba.

Ki tsaya kan abu uku: dabino, zamzam, turare. Su ne na can, kuma suna rabuwa.

Dabino a Madina za ki saya. Ki ɗanɗana kafin a auna, ki sa a buɗe kwalin ki ga na ƙasa, don wasu kan jera manya a sama. Kilo ɗaya na ajwa matsakaici ya kai ƙwaya ɗari ko kusa, saboda haka kilo 3 zai ishi gida arba'in a ƙwaya bakwai-bakwai. In ajwa ya yi tsada, safawi ma baƙi ne, yana da sauƙi, yana jure hanya. Sukkari mai laushi kam ki bar shi, sai in kina da firij mai tsayayyar wuta: danshinsa da zafinmu kan sa ya yi tsami cikin 'yan kwanaki.

Zamzam jarka ɗaya ce mai lita 5, a rufe cikin kwalinta, ita jirage ke karɓa. Kada ki ɗura a gora ki cusa cikin akwati. Na'ura za ta gani, a buɗe a cire, wani lokaci akwatin ya makara. Da ƙaramin kofin shayi, lita 5 ta ishi mutum ɗari.

Turaren mai, tola ɗaya kusan mililita 12 ce, tana cika ƙananan kwalabe huɗu. Ki shafa a bayan hannu, ki zaga kasuwa rabin awa. In ƙamshin ya gudu, sirki ne. Ki naɗe murfin da salatif, ki ƙulle a leda, domin yakan tsiyaye a jirgi ya ɓata tufafi.

Tun kafin ki tashi ki rubuta sunaye, ki ware kuɗin tsaraba daban da na abinci da magani. Kada ki ci bashi. Iyaye da surukai kaɗai suka cancanci kyauta ta musamman.

Tambaya: Zan ziyarci ƙanena a Ingila. In kai masa kilishi? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: A'a, Malam. Dokar Ingila ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama ko madara, busasshe ko ɗanye. Ƙwacewa za a yi, har ana iya cin ka tara. Ka kai masa hula zanna, yajin daddawa da garin kuka, a busar sosai, a rufe a roba, a rubuta sunan kowanne a jiki.