Tambayi Likita: Allura Muke Yi Kullum Amma Sugan Baba Ya Ƙi Sauka

TAMBAYA: Slm Likita barka da aiki. Ni ɗiya ce ga wani dattijo nan Mabera cikin Sakkwato, shekarunshi 61, shina da ciwon suga ya kai shekara tara, shekara biyu ke nan da anka maida shi kan allura, Mixtard ce yunit 18 da sahe 10 da dare kuma ni ka yi mai da hannuna. Da lahiya lau, in munka gwada da asuba muna ganin 120 ko 130, to tun da zahin ga ya shigo abu ya rikice, 240, 270, ran nan har 310 kuma wlh abincinshi bai canza ba ya bar sa suga ga hura tun tuni. Yayana ya ce mu ƙara yunit 6, mun ƙara yau kwana huɗu babu wani canji. Mi za mu yi, mu sake ƙarawa? Kwalbar dai cikin durowa muke aje ta don firjinmu ya daɗe bai yi sanyi ba saboda rashin wuta.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, shekara biyu safe da dare ba ƙaramin aiki ba ne.

Don Allah kar ku ƙara. Ni layin ƙarshe na saƙonki ne ya fi tsaya min a rai, zancen durowa. Insulin, wato allurar nan da kike yi masa, magani ne mai rauni, zafi na kashe shi a hankali ba tare da ido ya gani ba. Wadda ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka fara aiki da ita kuma tana iya zama a ɗaki matuƙar zafin bai haura 25 zuwa 30 ba, shi ma yawanci makonni 4 ne, wasu 6, takardar cikin kwalin za ta faɗa miki. To ke kin san Sakkwato a watan Afrilu, sama da digiri 40 ake yi, ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka kuwa ba a magana. Sannan ki yi lissafi, kwalba mai mil 10 ta U-100 yunit 1000 ce a ciki, Baba na shan 28 a rana, ke nan kwalba ɗaya tana kai ku kwana 35, duk a cikin wannan zafin. Shi ya sa kuka ƙara yunit 6 ba ku ga komai ba, mai yiwuwa maganin ne ya riga ya rasa ƙarfinsa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ranar da za ku sayo sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi ku ci gaba da wannan ƙarin da kuka yi, nan ne suga zai iya faɗuwa cikin dare Baba na barci, kuma faɗuwar suga ta fi hawansa saurin yin ɓarna. Saboda haka ku sayo sabuwa a inda kika ga da idonki daga firji aka ciro ta, ku koma 18 da 10 ɗin da likitansa ya rubuta, ku riƙa gwaji. In kin ga ƙasa da 70, ko yana karkarwa da gumi da jiri, ki jiƙa suga babban cokali ɗaya a ruwa ya sha, ki sake gwadawa bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kawai.

Ajiya kuma ba sai da firji ba. Ki samu tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi ki jiƙa shi, ki sa kwalbar cikin roba mai murfi ki ajiye a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke ratsawa, kina ƙara ruwa safe da yamma. Wannan dabarar ce wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000, kuma busasshiyar iska irin tamu ita ta fi dacewa da ita. Abu ɗaya, kar ki jingina kwalbar da ƙanƙara a kula, insulin ɗin da ya daskare shi ma ya tashi aiki ko da ya narke.

Mixtard fara ce kamar madara, dole ki murza kwalbar a tafin hannu kamar sau goma har ta haɗe kafin ki zuƙa, ba girgizawa da ƙarfi ba. In kin murza kin ga gudaji-gudaji ko wani fari ya manne a jikin gilashin, ki yar.

Sai sirinji, wannan kuma mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba. Insulin na kwalba yawanci iri biyu ne wajen ƙarfi, U-100 mai yunit 100 a kowane mil da U-40 mai yunit 40, kowanne da sirinjinsa. In aka zuƙi U-40 da sirinjin U-100, kin ja zuwa 18 amma abin da ya shiga jikin Baba kusan yunit 7 ne kawai. In aka juya kuma, U-100 cikin sirinjin U-40, 18 ɗin nan ya zama 45, wannan kam haɗari ne babba. Ki ɗauko kwalba da sirinji yanzun nan ki duba lambar da ke jikinsu, musamman in kwanan nan kun canza kemis ɗin da kuke saye.

Ki kuma shafa cikin Baba da cinyarsa inda kike yawan yi masa. Dattawa suna son wuri ɗaya saboda ya daina zafi, to wurin da ya daina zafin sau da yawa kitse ne ya dunƙule a ƙarƙashin fata, za ki ji shi kamar ƙullutu mai taushi, kuma insulin ba ya ratsa shi yadda ya kamata, yau ya shiga gobe ya ƙi. Ki bar wurin gaba ɗaya ya huta, ki riƙa matsawa kamar faɗin yatsa kowace allura, ki kuma sani a sabon wuri maganin zai fi kamawa don haka a sa ido.

In duk waɗannan lafiya suke sai mu koma jikin Baba. Duk wani ciwo da ke ɓoye yana ɗaga suga, zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ruɓaɓɓen haƙori, ko gyambo a ƙafa wanda shi bai ma ji ba saboda jijiyoyin ƙafar sun yi sanyi. Ki cire masa takalmi ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da kanki. Ki tambaye shi cikin ladabi ko akwai maganin ciwon gwiwa ko na baya da wani ya haɗa masa, don irin haɗin nan da ake ƙullawa a leda yakan zo da dexamethasone ko prednisolone, su kuwa suna harba suga sama sosai. Har jiƙe-jiƙen gargajiya ki tambaya.

Kin ce abinci bai canza ba, na yarda da na gida. Amma lokacin zafi ne, lokacin mangwaro kuma, a majalisa ana miƙo zoɓo mai sanyi da kunun aya da lemon kwalba, mutum na jin ƙishi ba zai lissafa su a abinci ba. Ita kanta fura ko babu suga gero ce, tana ɗaga shi gwargwadon yawan da aka sha. Ruwa zalla ya yawaita sha, rashin ruwa a jiki na ƙara tsananta abin.

Mitar ma a duba ta, sitirip ɗin (tsinken da ake ɗiga wa jini) da ya sha zafi ko kwanansa ya ƙare yana ba da lambar ƙarya, haka yatsan da ya taɓa dabino ba a wanke ba. A wanke hannu da sabulu a bushe kafin a huda.

Ga aikin da zan ba ki. Kwana uku da sabuwar kwalba, ki rubuta a littafi suga kafin karin kumallo, awa biyu bayan abinci, kafin barci, da sau ɗaya ko biyu wajen ƙarfe 3 na dare, tare da abin da ya ci da lokacin allura, wadda ya kamata a yi kamar minti 30 kafin cin abinci. Gwajin ƙarfe 3 ɗin nan na da muhimmanci, don gab da asuba jiki na sakin sinadaran da ke ɗaga suga, in an ga daidai da dare ya hau da safe magani daban, in kuma an ga yana faɗuwa da dare to ƙara allurar dare ganganci ne. Ki kai littafin wurin likitansa, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a yi masa HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, shi likitan ne zai ce a ƙara ko a rage.

Amma in ya fara amai, ciwon ciki, numfashi da sauri, yawan barci ko rikicewar magana, ko mita ta nuna HI wato sugan ya wuce abin da za ta iya aunawa, kar ku jira kwana ukun, ku tafi a daren.

TAMBAYA: Likita ni matashi ne daga Gwadabawa ina kan insulin. Mitata ta nuna 14.2, abokina ya ce tashi 200 take nunawa wai ke nan nawa ya yi ƙasa sosai in sha suga. Kuma in ina zazzaɓi ban cin abinci nakan bar allura, daidai ne?

AMSA: Ɗan uwa kar ka sha sugan nan. Mitarka da mmol take awo, tasa da mg, sai ka ninka naka sau 18, wato 14.2 ɗinka kusan 256 ne, ka ma fi shi hawa. A irin mitarka ƙasa da 3.9 ne faɗuwa.

Barin allura lokacin zazzaɓi kuwa shi ke kai matasa da yawa gadon asibiti, don ciwo na ɗaga suga ko ba ka ci komai ba, jiki in ya rasa insulin sai ya fara ƙona kitse guba ta taru a jini. Kar ka tsayar da ita gaba ɗaya, ka riƙa gwaji duk bayan awa 3 zuwa 4, ka sha ruwa sosai, ka kurɓi kunu kaɗan-kaɗan, ka nemi likitanka a ranar ya faɗa maka yunit nawa za ka yi. In amai ya hana ka riƙe ko ruwa, a kai ka asibiti.